Ayilan: Ƙasar da Ta Raba wa Duniya Limaman Katolika, Yau Tana Neman Aro

Yau za mu yi nisa da gida, mu tsallaka zuwa Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya. Tarihin mabiya ɗarikar Katolika na ƙasar muka ɗauko: yadda majami'unsu suka cika ba masaka tsinke, yadda suka zube cikin shekarun da ba su kai tsawon ran mutum ɗaya ba, da kuma abin da limamansu suka yi da suka waiwaya suka ga jama'a sun janye jiki.

Mu fara da ranaku biyu a fili ɗaya. Ranar 29 ga Satumba, 1979, Fafaroma John Paul na Biyu ya jagoranci sujada a filin Phoenix Park da ke Dublin, babban birnin ƙasar. An ƙiyasta mutum 1,250,000 ne suka hallara, alhali duka-duka mutanen ƙasar ba su kai miliyan 3.5 ba a lokacin. Wato cikin kowane mutum uku, ɗaya yana filin nan. Ranar 26 ga Agusta, 2018, Fafaroma Francis ya tsaya a wannan fili, ƙarƙashin gicciyen da aka kafa domin wancan taro. An tanadi tikiti 500,000, amma waɗanda suka zo ba su kai 200,000 ba. An yi ruwa da iska a ranar, gaskiya ne, sai dai ruwa bai taɓa hana iyayensu fita ba. Kuma da neman gafara Fafaroman ya buɗe sujadar, yana lissafa laifuffukan da 'yan coci suka yi wa yara da mata a ƙasar.

Wani zai ce ina ruwanmu da Ayilan? Ai alaƙar tana nan a garuruwanmu. Makarantar St. Louis da ke Kano, sistoci 'yan Ayilan ne suka kafa ta bayan isowarsu garin a 1948. Babban bishop na farko na Kaduna, John McCarthy, ɗan Ayilan ne, shi ne Peter Jatau ya gada a 1975. Limaman ƙasar sun yi aiki a Jos da Yola da Minna, sun buɗe makarantu da asibitoci, wasunsu sun ji Hausa sosai. Hatta Patrick, waliyyin da Katolikan Najeriya suka riƙa a matsayin majiɓincin ƙasa, na Ayilan ne. Yau kuwa al'amari ya juya. Limamai daga Najeriya da Indiya da Poland ne ke riƙe da majami'u da dama a can, kuma daga 2017 zuwa 2022 jakadan Fafaroma a ƙasar, Jude Thaddeus Okolo, haifaffen Kano ne.

CIKAR MAJAMI'U BA GADO BA CE

Kuskuren farko da mai karanta wannan tarihi kan yi shi ne ya ɗauka tun fil'azal haka Ayilan take, kowa yana coci ranar Lahadi. Ba haka ba ne. A ƙarni na 18, ƙarƙashin mulkin Ingila, an kafa wa Katolika dokokin ƙuntatawa: ba su shiga majalisa, an taƙaita musu mallakar fili, an kori bishop-bishop ɗinsu. A wasu wurare a kan dutse a bayan gari ake yin sujada. Sai a 1829, bayan gwagwarmayar Daniel O'Connell, suka sami damar zama a majalisar Landan. Har zuwa 1840 liman ɗaya ne ga mutum kusan 3,000, majami'u kaɗan ne, talakawa da yawa ba su da suturar zuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa masu zuwa sujadar Lahadi a lokacin ba su kai rabin Katolikan ƙasar ba. Addinin talaka a gida yake, da ziyarar rijiyoyi masu tsarki, da zaman makoki mai haɗe da wasa da shaye-shaye.

Sai yunwa ta zo. Daga 1845 cuta ta kama dankalin Turawa, abincin da talaka ya dogara da shi. Cikin 'yan shekaru mutum kusan miliyan 1 suka mutu, wasu kusan miliyan 1 suka yi ƙaura. Waɗanda suka fi mutuwa su ne matalautan da ba su cika zuwa coci ba. Waɗanda suka rage manoma ne masu ɗan abin hannu, masu tsoron kada gona ta sake rarrabuwa. Suka koma ba ɗa guda gona, sauran su yi ƙaura, ko su zauna ba aure, ko su shiga aikin coci.

A wannan hali ne Roma ta aiko da Paul Cullen, wanda ya shafe shekaru kusan 30 a can. Ya tara bishop-bishop a garin Thurles a 1850, ya zama babban bishop na Dublin a 1852, ya kuma zama kadinal na farko ɗan Ayilan a 1866. Cullen mutum ne mai tsari. Ya ladabtar da limamai, ya matsa a dawo da baftisma da ɗaurin aure daga gidaje zuwa cikin coci, ya shigo da ibadun da ya gani a Italiya, ya cika ƙasa da gine-ginen majami'u da makarantu da gidajen sistoci. Kafin ƙarshen ƙarnin, zuwa coci ya zama abin da kusan kowa ke yi. Masanin tarihi Emmet Larkin ne ya raɗa wa wannan sauyi suna juyin juya halin ibada, a wata muƙala da ya buga a 1972.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara wa abin ƙarfi. Harshen ƙasar na asali yana mutuwa, Ingilishi yana maye gurbinsa. Abin da ya rage da ke bambanta ɗan Ayilan da Baturen Ingila mai mulkinsa shi ne ɗarika. Zuwa coci ya zama ibada, ya kuma zama shaidar kai ɗan ƙasa ne. Mu riƙe wannan, domin cikar da duniya ta gani a 1979 gini ne na shekara ɗari da 'yan kai, kuma tubalinsa ba imani kaɗai ba ne. Akwai yunwa a ciki, akwai gona, akwai siyasa.

DA IKO YA SHIGA HANNU

Da kudancin tsibirin ya sami mulkin kai a 1922, sabuwar gwamnati ba ta da kuɗi, coci kuwa tana da makarantu da asibitoci da ma'aikatan da ba su neman albashi mai yawa. Aka bar mata ragamar tarbiyya da jinya. Ba za a musa alherin da aka samu ba. 'Ya'yan talakawa da yawa a hannun sistoci da limamai suka yi karatu, kuma daga cikinsu ne aka sami waɗanda suka bar gida suka zo ƙasashe irin namu, wasu ba su sake komawa ba.

Amma iko ya zo da nasa halin. A 1929 aka yi dokar tace littattafai. A 1935 aka haramta sayar da magungunan hana ɗaukar ciki. Tsarin mulki na 1937 ya hana sakin aure, ya kuma ba Cocin Katolika matsayi na musamman. A 1951 ministan lafiya Noel Browne ya kawo shirin kula da uwa da yara kyauta, bishop-bishop suka ce ya saɓa wa koyarwarsu, gwamnati ta janye, ministan ya sauka. John Charles McQuaid, babban bishop na Dublin daga 1940 zuwa 1972, ya kai ga hana Katolika shiga jami'ar Trinity sai da izininsa.

Can bayan katanga kuma akwai gidajen da ba a maganarsu. Akwai makarantun horo da ake kai marayu da 'ya'yan matalauta. Akwai gidajen wanki na Magdalene, inda ake tsare mata suna aiki ba albashi. Akwai gidajen da ake kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure, a raba su da jariransu. Mu yi adalci a nan: ba coci kaɗai ba ce. Iyaye ne ke kai 'ya'yansu da hannunsu don gudun abin kunya, kotu ce ke tura yara, gwamnati ce ke biyan kuɗi, 'yan sanda ne ke dawo da wanda ya gudu. Kowa ya san wani abu, kowa ya kama bakinsa.

Waɗanda suka ƙi kama baki su ne marubuta, kuma sun sha wuya. An haramta littafin Edna O'Brien na farko, The Country Girls, a 1960, saboda ta rubuta rayuwar 'yan matan ƙauye yadda take. A 1965 aka haramta The Dark na John McGahern, wanda ya taɓo zaluncin uba a kan ɗansa da abin da ake rufewa a gidajen masu addini. McGahern malamin firamare ne a Dublin, makarantar kuwa a ƙarƙashin coci take, sai ya rasa aikinsa. Abin da waɗannan marubuta suka faɗa a ƙagaggen labari, shi ne alƙalai suka zo suka tabbatar a rahoto bayan shekara 40. An yi wa limamai gargaɗi kyauta, suka hana a karanta.

BANGO YA FARA TSAGEWA TUN KAFIN ABIN KUNYA

Mutane da yawa suna ɗora zubewar majami'un Ayilan kan badaƙalar cin zarafin yara kaɗai. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Gidan talabijin na ƙasa ya fara aiki a daren 31 ga Disamba, 1961, kuma shirin hira na Gay Byrne ya riƙa kawo maganganun da ba a taɓa yi a fili ba har cikin ɗakin kowa. A 1967 karatun sakandare ya zama kyauta. A 1973 ƙasar ta shiga Tarayyar Turai, a shekarar kuma aka soke dokar da ke tilasta wa mace barin aikin gwamnati idan ta yi aure. Yaron da ya yi karatu ya sami aiki a birni ba ya buƙatar takardar shaida daga liman. Yarinyar da ke da albashinta ba ta ganin gidan sistoci a matsayin hanya ɗaya tilo ta zama malama ko ma'aikaciyar jinya. Tun ƙarshen shekarun 1960 masu shiga aikin limanci suka fara raguwa.

Cocin duniya ta hango wannan sauyi. Babban taron Vatikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya yi ƙoƙarin sabunta yadda ake tafiyar da al'amura, ya ba da damar yin sujada da harshen jama'a maimakon Latin. Amma da McQuaid ya dawo daga taron, abin da ya shaida wa mutanensa shi ne su kwantar da hankali, ba wani sauyin da zai dame su. Yana da hujja a ido, domin binciken da aka yi a 1973 zuwa 1974 ya nuna kashi 91 cikin 100 na Katolikan ƙasar suna zuwa coci kowane mako. Wa zai gaya wa mai irin wannan taro cewa gidansa yana yoyo? Ba wanda ya tsaya ya tambaya mutum nawa ne ke zuwa don Allah, nawa ne ke zuwa don kada maƙwabta su yi magana. Sannan a 1968 Fafaroma Paul na Shida ya jaddada haramcin magungunan hana ɗaukar ciki. Ma'aurata da yawa suka ci gaba da zuwa coci, suka kuma ci gaba da yin abin da suka ga ya fi musu. Daga nan mutane suka saba da jin maganar liman su ajiye ta gefe.

DA ASIRI YA TONU

A ziyarar 1979, mutum biyu ne suka riƙa zaburar da matasa a Galway kafin Fafaroma ya iso: Bishop Eamonn Casey da Fada Michael Cleary, dukansu sanannu masu farin jini. A 1992 ta bayyana cewa Casey yana da ɗa a ɓoye, har ya taɓa kuɗin coci wajen biyan uwar yaron. Bayan rasuwar Cleary a 1993 aka gano shi ma yana da 'ya'ya da matar da ke kula masa da gida. Ma'auratan da aka yi ta yi wa wa'azin kamun kai suka ji abin a ransu.

Wannan duk somin-taɓi ne. A 1994 aka ɗaure Fada Brendan Smyth, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana lalata da ƙananan yara, magabatansa suna sane, suna ɗauke shi daga wannan wuri zuwa wancan. Jinkirin da aka yi wajen miƙa shi ga hukumomin Ayilan ta Arewa ya kai ga faɗuwar gwamnatin Albert Reynolds. A 1999 'yar jarida Mary Raftery ta fitar da shirin talabijin kan makarantun horo, firaminista Bertie Ahern ya fito ya nemi gafara a madadin ƙasa. Sai rahotanni suka biyo: na Ferns a 2005, na Ryan da na Murphy a 2009, na Cloyne a 2011.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai ba wai samun miyagu a cikin limamai ba ne, kowace sana'a tana da nata. Rahoton Murphy, wanda ya duba Dublin daga 1975 zuwa 2004, ya gano cewa abin da ya fi damun shugabannin cocin shi ne rufa asiri, da guje wa abin kunya, da kare sunan coci da dukiyarta, lafiyar yara kuwa ta zo daga baya. Rahoton Cloyne ya nuna cewa ko dokokin kare yara da cocin ta rubuta wa kanta a 1996 ba a bi su ba a wannan yanki. Ranar 20 ga Yuli, 2011, firaminista Enda Kenny, wanda shi kansa mai zuwa coci ne, ya tsaya a majalisa ya caccaki fadar Vatikan, abin da ba wani shugaban ƙasar da ya taɓa yi.

Sai kuma Tuam. Wata mata mai sha'awar tarihin garinsu, Catherine Corless, ba farfesa ba, ba 'yar jarida ba, ta riƙa sayen takardun shaidar mutuwa da kuɗinta, ɗaya bayan ɗaya. Ta tara sunayen yara 796 da suka mutu a gidan uwa da jarirai na garin tsakanin 1925 da 1961, ba tare da an san kabarinsu ba. A 2017 masu bincike suka tabbatar da gawawwakin yara da yawa a wani gini na ƙarƙashin ƙasa da ke da alaƙa da tsohon ramin ƙazanta.

Sakamakon yana cikin alƙaluma. A ƙidayar 1961 kusan kashi 95 cikin 100 na mutanen ƙasar Katolika ne. A 2011 kashi 84, a 2016 kashi 78, a 2022 kashi 69, kuma kashi 14 suka ce ba su da addini. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1995 aka halatta sakin aure da ratar ƙuri'u kusan 9,000 kacal. A 2015 kashi 62 suka amince da auren jinsi, a 2018 kashi 66 suka soke haramcin zubar da ciki, duk kuwa da adawar bishop-bishop. Makarantun horar da limamai suka yi ta rufewa, har ya rage Maynooth, wadda aka kafa a 1795, ita kaɗai ke horar da limaman yankunan ƙasar.

TO ME LIMAN ZAI YI?

Limaman Ayilan ba su amsa da murya ɗaya ba, kuma a nan ne darasin yake. Wasu sun zaɓi kare gida. A 2008 Kadinal Desmond Connell, tsohon babban bishop na Dublin, ya je kotu don hana kwamitin bincike ganin dubban takardu, kafin daga baya ya janye. Wasu suka ɗora laifin kan 'yan jarida, da arzikin da ƙasar ta samu a shekarun 1990, da lalacewar tarbiyya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar arziki, domin majami'u sun zube a Faransa da Holan da yankin Quebec na Kanada tun kafin badaƙala ta fito. Amma wanda aka ci zarafinsa yana yaro, idan ya ji liman yana kukan mutane sun bar Allah saboda son duniya, ba abin da zai ƙara masa sai nisa.

Magajin Connell, Diarmuid Martin, wanda ya riƙe Dublin daga 2004 zuwa 2020, wata hanya ya bi. Ya miƙa wa kwamitin Murphy dubun-dubatar takardu, ya zauna da waɗanda aka zalunta ya saurare su, ya kuma faɗa a fili cewa cocin tana riƙe da makarantun da suka fi ƙarfin yawan mabiyanta na gaskiya, ya kamata ta saki wasu. A watan Fabrairun 2011, a babban cocin Dublin, shi da Kadinal Seán O'Malley na Boston suka durƙusa suka wanke ƙafafun wasu daga cikin waɗanda aka ci zarafinsu. Wasu limamai sun ji haushinsa, suna ganin ya sayar da su. Mu kuma faɗi gaskiya: abin da ya yi bai sake cika majami'u ba. Abin da ya samu shi ne idan ya yi magana ana saurare, har waɗanda suka daina zuwa coci.

Wasu limamai kuma suka kafa ƙungiya a 2010 suna neman a sake duba dokar hana liman aure da matsayin mata a coci. Roma ta dakatar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Tony Flannery, a 2012. Masu adawa da su suna cewa cocin da suka sassauta waɗannan dokoki a Turai su ma kujerunsu sun zube, don haka sassauci ba magani ba ne. Wannan muhawara tana nan har yau, ba kuma mu ne za mu raba ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga muhawara ba, kuma su ne mutuncinsu bai taɓu ba. Kevin Crowley, ɗan ƙungiyar Capuchin, ya buɗe gidan ciyar da marasa galihu a Dublin a 1969, ba a tambayar mai shigowa sunansa ko addininsa. Nan ne Fafaroma Francis ya je a 2018. Sista Stanislaus Kennedy ta kafa ƙungiyar taimakon marasa muhalli a 1985. Fada Alec Reid na Belfast ya yi shekaru yana kai-komo a asirce tsakanin masu gaba da juna, aikin da ya taimaka wajen kai wa ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Mutanen da suka yi fushi da bishop-bishop ba su yi fushi da waɗannan ba.

Idan muka haɗa waɗannan, abin da tarihin Ayilan ke gaya wa limamin Katolika a fili yake. Na farko, ya faɗi gaskiya kafin a tilasta masa. Duk takardar da sai da kotu ko ɗan jarida ya ƙwato ta, ta zama shaida a kansa sau biyu, kan laifin da kuma kan ɓoyewar. Laifin da ya shafi yaro ba na cikin gida ba ne, na 'yan sanda ne.

Na biyu, kada yawan taro ya ruɗe shi. Kashi 91 na 1974 bai hana komai ba, ya ma rufe wa shugabanni ido. Mutumin da ke zuwa don tsoron bakin mutane, ranar da bakin mutane ya daina cizo zai zauna a gida. Da an yi amfani da shekarun cika wajen koyar da manya dalilin abin da suke yi, aka kuma bar su suna tambaya ba tare da an ga bakinsu ba, da wataƙila waɗanda suka rage sun fi haka yawa.

Na uku, ya bambanta addini da iko. Har yau kusan kashi 90 cikin 100 na makarantun firamaren ƙasar suna ƙarƙashin kulawar cocin, kuma sai a 2018 doka ta hana yawancinsu fifita yaron da aka yi wa baftisma wajen ɗaukar ɗalibai. Iyayen da suka kai ɗansu baftisma don ya sami gurbin makaranta, ba mabiya aka samu ba, masu jin haushi aka ƙara.

Na huɗu, ya raba aiki da jama'arsa. Dole ce ta sa a yau, tunda limamai sun tsufa sun kuma yi ƙaranci: tun 2012 ake naɗa magidanta a matsayin dikin na dindindin a Dublin, a wasu yankuna kuma ana horar da mabiya maza da mata su jagoranci addu'ar jana'iza. Da an fara lokacin da ake da zaɓi, da ba a kira shi neman mafita ba.

Ba mu kawo wannan tarihi don a yi wa kowa dariya ba. Akwai Katolika a cikinmu, akwai kuma waɗanda iyayensu suka yi karatu a hannun sistocin nan kuma har gobe suna yi musu addu'a. Mutanen Ayilan ma ba su bar cocin gaba ɗaya ba. Har yanzu mafi yawansu can suke kai gawa, kuma dubbai suna hawa dutsen Croagh Patrick a Lahadin ƙarshe ta watan Yuli, wasu ba takalmi. Abin da ya karye shi ne amana tsakanin mai wa'azi da mai sauraro, ita kuwa ba a dawo da ita da doka ko da faɗa.

Mu kuma da muke koyon rubutu, mu lura da waɗanda suka riƙe wa ƙasar nan tarihinta: malamin firamare da aka kora saboda littafinsa, 'yar jarida da ta zauna ta saurari tsofaffin marayu, da matar da ta tara takardun mutuwa har 796 da kuɗin aljihunta. Babu wanda ya yi zagi a cikinsu. Suna suka rubuta, da shekara, da wurin da abin ya faru.

Muna jiran ra'ayoyinku da gyare-gyarenku, cikin mutunta juna kamar yadda muka saba. Sai mako mai zuwa.